Kiran Bappa Daga Gabon

Jiya a kasuwar Garuwa na ga tsohuwar waya a wurin mai gwanjo, baƙa, irin wadda ake juya lambobinta da yatsa. Wani ya juya ta don wasa, ta yi ƙarar nan tata, sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Irinta ce a shagon atamfar babanmu da ke jikin zauren gidanmu. Ƙanensa, wanda muke kira Bappa, ya tafi Gabon neman arziki, arzikin kuma ya ƙi zuwa. In zai kira gida, sai ya je gidan waya ya nemi kiran da wanda ya ɗauka ne zai biya. Wata mata ce ke fara magana da Faransanci, ta tambaya ko mun yarda mu biya. Kakarmu, mahaifiyarsu, ba ta barin kowa ya riga ta ɗauka, kuma kalma ɗaya ta sani a yaren: wi, wato na yarda.

To, ka san gaisuwar tsofaffi. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mai gidan hayarka. Sannan ta shiga labarin wadda ta haihu da akuyar da ta ɓata. Baba na tsaye a kanta, zufar bazara na tsiyaya daga hularsa, ba damar ya katse uwarsa. Takardar kuɗin waya kuwa in ta zo, sai ta lashe ribar shago. Irin wannan kiran ya fi wanda mutum zai buga da kansa tsada nesa ba kusa ba. Wallahi zalunci ne, talaka ya kira talaka, a tatse na gida.

Da aka yi barazanar yanke layin, Baba ya yi dabara: a riƙa ƙin karɓa, daga baya shi ya kira da kansa a farashi mai sauƙi. Ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Gabon saƙo, cewa in ya isa ya bayyana wa Bappa tsarin, ya kuma karɓo lambar wani maƙwabcinsa da za a riƙa samunsa. Sannan ya zauna koya wa Kaka.

"Inna, in matar ta gama magana, ki ce non, wato ban yarda ba."

"In kori ɗana daga bakin ƙofa?"

"Ba shi za ki ce wa ba, Inna. Matar ce kawai."

Damina ta sauka, kogin Binuwai ya cika, ranar wata Laraba wayar ta yi ƙara. Kaka ta ɗauka, ta dubi Baba, ta faɗi kalmar. Babu wanda ya sani a gidanmu cewa mai kira yana kan layi yana jin amsar. Ɗan kasuwar kuwa ko garin Ngaundere da ke kan hanya bai wuce ba, yana can yana jiran kaya. Bappa bai san da wani tsari ba. Muryar uwarsa ya ji ta ƙi shi, ya ɗauka fushi take yi don bai taɓa aiko mata ko sabulu ba. Kunya ta hana shi sake kira, mu kuma ba mu da lambar da za mu neme shi.

Kaka ta tare a gindin wayar, tana ɓarar gyaɗa tana jira. Kafin saƙon ya kai, an yanke layin saboda tsohon bashi. Ka ga, ba a tsira da komai ba. Ta rasu a farkon tsinkar auduga.

Yanzu kowa na da waya a aljihu, kira ya yi arha, yara sun gajarce gaisuwa babu wanda ya tilasta musu. Dabarar Baba ba ta da aibu, har yau ita nake ba mutane: kada ka karɓi kiran da za a caje ka, ka kira da kanka. Amma don Allah ka fara gaya wa na can. Bappa ya dawo, ya tsufa, mun yi masa bayani har mun gaji. Yakan gyaɗa kai ya ce ya gane, sannan ya ce, "Amma ai muryarta ce."