Kunnen Baba na Hagu

A gidanmu na unguwar New Bell, har magani ma bin girma yake yi. Na Kaka ne farko, sai na Baffa, yayan Baba, asibiti kuwa shi ne auta.

Wata safiya a shekarun la crise, lokacin da kuɗi suka yi wuya a ƙasa, Baba ya tashi kunnensa na hagu ya toshe ɗif. Babu zafi, sai wani ƙugi kamar injin niƙa daga nesa. Atamfa yake sayarwa a kasuwar Mboppi, inda ake raɗa ciniki cikin hayaniya, don haka hankalinsa ya tashi.

Kaka ta ɗumama man habbatussauda a cokali, ta kwantar da kansa a cinyarta, shi da furfurarsa.

"Tsaya mana! Sai mutsu-mutsu kake kamar ɗan yaye."

Ina bayan labule ina kallon man yana gangarowa cikin wuyan rigarsa. Aka yi kwanaki, shiru. Baffa ya kawo wata 'yar kwalba daga kasuwar Nkololoun, wurin mai baza magani a tire. Rana ta cinye rubutun jikinta.

"Wannan ko dutse ya buɗe," in ji shi.

Inna ta ce, "Malam, mu je lopital mana."

"In tsallake Hajiya da Yaya? Da wane idon zan dube su?"

Sai da kwalbar ta ƙare muka je asibitin, ina riƙe da ledar auduga, don a lokacin da kayanka kake zuwa. Likitar ta buga wani ƙarfe mai baki biyu, ta ɗora masa a goshi. Ta ce kunnen tas yake, ciwon yana can ciki, a jijiya, inda mai ba ya kaiwa. Ƙwayoyin da za ta rubuta kuma a kwanakin farko suka fi aiki.

"Vous étiez où, papa?" in ji ta da Faransanci, wato ina ya tsaya duk kwanakin nan.

Baba ya sunkuyar da kai. "Ina wurin manya, dokta."

Ya sha ƙwayoyin har kumatunsa suka yi ɓul-ɓul. Jin ya ɗan dawo: yana jin hon ɗin mota da kiran salla, amma raɗa ta tafi ke nan.

Kaka ta ce man da ta zuba ne ya tausasa hanya. Baffa ya ce kwalbarsa ce, a hankali take aiki. Duk ranar da musun ya tashi, sai Baba ya gyara zama cikin ladabi, ya ba su kunnensa na hagu, yana ta gyaɗa kai.