Abin da Manaja Ya Gaya wa Kwamiti

Tun yana aji uku na firamare ake kiransa Manaja, kuma mahaifinsa ne ya laƙa masa sunan. Mahaifin direba ne a wani kamfanin fulawa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa manajoji, yana buɗe musu ƙofa, yana jiransu cikin rana in sun shiga taro. In ya dawo gida ya rataye hular aiki a ƙusa, sai ya dubi ɗan nasa ya ce, "Kai dai a baya za ka zauna. Zaman gaba ya ishe mu haka." Uwar takan ce a bar yaro ya haɗiye lomarsa tukuna.

Yaron kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Yana da baki, yana da saurin ɗauka, kuma ba ya son ganin ƙeyar kowa a gabansa. Ranar da ya zo na biyu a jarabawa, ba ya cin abincin kirki. Da ya sami gurbin karatun gudanar da kasuwanci a jami'a, mahaifin ya roƙi ogansa aron mota, ya kai shi har ƙofar makaranta, ya kuma dage sai ɗan ya zauna a kujerar baya, da katifarsa a ɗaure a kan rufi.

Ɗakin da aka ba shi na mutum huɗu ne, su bakwai suke kwana a ciki. Igiyar shanya ta raba ɗakin biyu, risho yana ƙarƙashin gado, famfo kuma sai ya ga dama yake zuwa. Manaja yana gadon sama. A na ƙasa akwai wani siririn saurayi mai ɗan rawaya a farin idonsa, wanda ba ya rabuwa da gorar ruwa, kuma yana sa rigar sanyi ko da mutane suna fifita. Lokarsa cike take da magunguna, shi ya sa 'yan ɗaki suka sa masa Kemis.

"Kemis, a taimaka da na ciwon kai."

"Yau mun rufe," in ji shi. "Ka dawo gobe da takardar likita."

In an tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce olsa ce. Ajinsu ɗaya da Manaja, kuma tafiyarsu ta zo daidai. Kemis ne mai kan lissafi da haƙurin zama da littafi, Manaja ne mai tsayawa gaban aji ya yi bayani har malami ya manta da agogo. Kwano ɗaya suke cin taliya, bokiti ɗaya suke bin layin ruwa da shi.

A shekara ta biyu, wata rana da azahar, Manaja ya dawo daga lacca ya tarar da Kemis a ƙasa, ya dunƙule, yana cizon gefen katifa. Ya kinkime shi zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan makaranta. Nas ɗin tana ganinsa ta ce, "Sikila ce ko?" Kemis ya gyaɗa kai. Bayan an sa masa ruwa ciwon ya lafa, ya kamo hannun rigar abokinsa.

"Kar ka gaya wa kowa. Da an ji, shi ke nan na zama kofin tangaran. Ba mai sa ni a komai, ba mai ɗaukata aiki, ba mai ba ni 'yarsa."

Manaja ya ce ya ji, kuma ya riƙe. Shekara biyu bai faɗa wa kowa ba.

A shekarar ƙarshe akwai wani kwas da ake kai ɗalibai daji na kwana shida, a koya musu jagoranci da igiya da taswira maimakon allo. An raba fom na lafiya. Wanda ke da ciwo mai nauyi ba zai je ba, sai dai ya yi dogon rubutu, kuma kowa ya san masu rubutun da kyar suke tsallakewa. Kemis ya zauna a bakin gado da fom a cinya, ya daɗe yana juya biro.

"Ina son in je," ya ce. "Ban taɓa kwana a tanti ba. Yayata ko sansanin 'yan makaranta ba ta bar ni na je ba."

Manaja ya riga ya san shi za a ba shugabancin rukuninsu, ya kuma san babu wanda zai karanta taswira kamar Kemis. Ya leƙo daga gadon sama ya ce, "Rubuta babu. Ai ina tare da kai. In ka gaji, mu tsaya."

Sansanin yana gindin wasu duwatsu, tafiyar awa uku daga gari. Mai horon wani tsohon soja ne da kowa ke kira Sajan, gajere, mai furfura, ba ya ɗaga murya sai dai usur. Ya raba su rukuni biyar, kowanne mutum takwas. A na Manaja akwai wata mata da ta girme su duka, ma'aikaciyar ofis mai 'ya'ya uku da ta dawo ƙaro karatu, suna ce mata Anti.

A rana ta biyu aka ɗaura musu igiya su sauko daga kan wani dutse mai tsawon bene hawa uku. Nan Manaja ya gano yana tsoron tsayi. Ya kai tsakiya ƙafafunsa suka ƙi, ya manne da dutse kamar ƙadangare, minti goma sha ɗaya, kusan mutum arba'in suna kallo daga ƙasa. Kemis, wanda ya riga ya sauka yana dariyar daɗi, shi ya tsaya yana ce masa, "Kar ka dubi ƙasa, dubi takalminka. Hagu. Yanzu dama." Ya sauko dai, amma har da yamma in ya wuce sai ya ji wani ya ce, "Manaja ya tafi hutu a sama." Rukuninsa ya faɗo na uku a allon maki. Abin ya ci masa rai, ko shayi bai sha ba.

Rana ta biyar ita ce babba: tafiyar kilomita goma sha takwas da taswira, a ƙetare rafi, a ɗauko tuta a wuri huɗu, a iso tare babu wanda aka bari a baya. Sajan ya ba kowane shugaba rediyon hannu ya ce, "Wanda ya ga matsala ya kira, mota za ta zo. Rukunin da ya kira ya rasa makin yau. Amma maki ba mutum ba ne. Kun ji ko?"

Suka ce sun ji, yallaɓai.

Da hantsi suka isa rafin. Ruwan ya kai ƙugu, kuma sanyinsa har cikin haƙori. Sun ƙetare su ne a gaba, domin Kemis ya gano wata hanya da ta rage musu zagaye. Ba su yi rabin awa ba ya matso kusa da Manaja, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙashina ya fara magana. Mu ɗan zauna in bushe."

"Bari mu ɗauki tuta ta uku tukuna."

Suka ɗauki tuta ta uku. Kemis ya sake magana, yanzu yana dafe da ƙugu, gorarsa ta ƙare. Manaja ya ba shi ragowar nasa ruwan, ya karɓi jakarsa ya haɗa da tasa, ya ce saura kaɗan. Ya waiwaya ya hango jajayen rigunan rukuni na biyu a kan gangare, sai ya ƙara sauri.

Karo na uku Kemis bai yi ƙasa da murya ba. "Ka kira motar," ya ce. "Ƙirjina ne yanzu."

Anti ta tsaya. "Ƙanena, dubi leɓen yaron nan. Wannan ba gajiya ba ce. Kira su."

"Kilomita huɗu ya rage, Anti. Kafin mota ta zagayo mun isa."

Da Kemis ya durƙushe, Manaja bai taɓa rediyon ba. Ya jefar da jakunkuna ya goya shi, domin doka ta ce a iso tare, ba ta ce kowa sai da ƙafarsa ba. Ya yi kusan kilomita ɗaya a haka, yana jin numfashin abokinsa a ƙeyarsa yana fita guntu-guntu. Anti ce ta fizge rediyon daga ɗamararsa ta kira. Motar ta ɗauki minti hamsin kafin ta same su.

A asibiti an ƙara wa Kemis jini, an sa masa iska. A rana ta uku ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi.

Makaranta ta kafa kwamiti. Malamai biyar ne a bayan dogon tebur, fanka tana juyawa a hankali, fom ɗin Kemis yana gaban shugaban. Aka kira Manaja, aka ba shi kujera.

"Shekara huɗu kuna ɗaki ɗaya," in ji shugaban. "Ka san yana da wannan ciwon?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Olsa yake ce mana."

Bai shirya amsar ba. Ta fito ne kawai, sumul, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Har ya ƙara da shawarar cewa nan gaba a riƙa gwada jinin ɗalibai kafin a tafi, kada a dogara da fom. Shugaban ya gyaɗa kai, ya rubuta. Anti ta shaida musu cewa sau uku Kemis ya yi ƙorafi, har aka roƙi Manaja ya kira mota, suka ce kuskuren wanda bai san ciwon ba ne. Rahoto ya ɗora laifi a kan ɗalibin da ya ɓoye lafiyarsa, da kuma Sajan da bai bincika ba. Aka soke aikin Sajan da makarantar. Wani malami ma ya riƙa ba da labarin goyon a aji, a matsayin misalin shugaban da ba ya barin nasa a baya.

Da Manaja ya fito daga ɗakin kwamitin, ya shiga banɗaki ya tsaya gaban famfo yana jiran amai ko kuka. Ko ɗaya bai zo masa ba. Abin da ya ji shi ne sauƙi, kamar wanda ya fito daga jarabawar da ta yi kyau, kuma wannan sauƙin ne ya fi ba shi tsoro. Ya daɗe yana ɗaukar kansa mutum mai riƙon amana. Ranar ya gane ya riƙe sirrin ne domin riƙon bai taɓa cin masa komai ba.

Sau ɗaya ya je dubiya. Kemis yana barci, yayarsa tana goge masa baki da tsumma. Ta yi ta sa masa albarka saboda goyon da aka ba ta labari. Bai koma ba.

Ya gama da sakamako mai kyau. Ya sami aiki a wani kamfanin rarraba kaya, cikin shekara shida ya zama manajan babban sito, da lebura sittin da manyan motoci goma a ƙarƙashinsa. Ya yi aure, ya haifi biyu. Mahaifinsa ya yi ritaya, ba shi da hira a majalisa sai ta ɗansa. Aikin ya karɓe shi ƙwarai. In wani mai lodi ya zo ya ce, "Oga, jiri nake gani," yakan ce ya je ya huta, har ya sa a kai masa ruwa. Amma shi kaɗai ya san cewa kafin ya buɗe baki idonsa ya riga ya kai kan agogo, ya lissafa motar da za ta makara.

Shekara tara bayan zaman kwamitin nan ya haɗu da Anti a layin karɓar magani. Ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba, amma ta gaya masa inda Kemis yake: wani shagon hoton takardu kusa da kotu, na yayarsa.

Ya je ranar Asabar da la'asar. Shagon ƙarami ne, injin hoto ɗaya, kwamfuta ɗaya, warin tawada da zafin janareta. Kemis yana zaune a bayan tebur, ya yi ƙiba kaɗan, sanda tana jingine da bango, yana buga takardar rantsuwa da hannun hagu. Ya ɗago, ya dube shi, ya nuna masa benci da haɓa. Sai da ya sallami mai takardar sannan suka gaisa.

Manaja ya faɗi abin da ya zo faɗa. A karo na farko a rayuwarsa maganar ta fito masa a hargitse. Ya faɗi fom, ya faɗi rediyo, ya faɗi kwamiti.

"Na sani," in ji Kemis. Kalmomin suna fita a hankali, yana jan wasu. "Anti ta karanta min rahoton tun ina kwance."

"Me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Da wane bakin? Lokacin ko ruwa ba na iya nema." Ya gyara takardu a kan tebur. "Da bakin ya dawo kuma, kai ka riga ka yi nisa. Ni na rubuta babu da hannuna, wannan nawa ne. Sauran naka ne."

Janareta ya yi tari ya ci gaba.

"Ka zo ne in ce maka ba komai," in ji Kemis. "Da komai mana. Dubi hannuna."

Wata mata ta shigo da takardun fili tana sauri. Kemis ya miƙe da kyar, ya dafa bango ya isa injin. Takarda ta maƙale, ya kasa buɗe murfin da hannu ɗaya. Manaja ya tashi ya buɗe masa, ya zaro ta. Babu wanda ya yi wa wani godiya.

Tun daga nan yakan je wata-wata. Wani lokaci Kemis ya yi masa hira, wani lokaci ya bar shi a benci yana haɗa takardun mutane har a rufe shago. Yayar har yanzu ba ta sani ba, takan kawo masa lemo mai sanyi in ya zo. Ya taɓa rubuta wa makarantar wasiƙa yana gyara abin da ya faɗa, shafi biyu, amma bai aika ba. Sajan kuwa, Manaja ya ji an ce ya koma gadi a wani kamfani a bayan gari, ya ma san layin. Bai je ba tukuna.