Haddar Ƙamus

Ranar da na fita takaba, yayan mijina ya zo daga Ceberu a kan babur. Ya zauna a zauren mahaifina a Gwandu, ya shanye furar da aka dama masa, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ina bayan ƙofa ina ji. Yara biyu marigayin ya bar mini, namiji da ya isa shiga firamare, da ƙanwarsa wadda ban daɗe da yaye ta ba, kuma su ya zo ɗauka.

"Malam, ba raini na ba," in ji shi. "Ɗiyan ƙanena na. Ba ni iya barin su nan suna cin tuwonka, kai da ya kamata a ciyar."

Ban san lokacin da na ja mayafi na shiga zauren ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce masa ina da takardar koyarwa, aiki zan nema, ni zan riƙe su. Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, irin wanda ake yi wa yaro idan ya ce zai ɗauki buhu. Mutumin ba mugu ba ne, shi ya sa ma ya fi ba ni tsoro, don duk abin da ya faɗa yana aikatawa.

"To, na ji," ya ce. "In an yanke hatsi kina da aiki, kina da ɗaki, su biyun suna makaranta, na bam miki su. In babu, in zo in ɗauka, kuma kak ki ga laihina."

A lokacin ko shuka ba a gama ba.

Wata ƙawata da muka yi kwaleji tare ita ta kawo mini labarin wata makarantar kuɗi a Kalgo, kusa da jami'a. Suna neman malamar Turanci ta manyan azuzuwa. Ana ba malamai ɗaki, 'ya'yansu kuma su yi karatu kyauta. Amma ta gargaɗe ni. Ta ce yawancin yaran 'ya'yan malaman jami'a ne, Turanci suke yi har a wajen wasa, kuma Hajiyar da ke da makarantar ba ta ɗaukar wanda ba shi da manyan kalmomi a baki. Ni kuwa Turancina ya yi shekaru a ajiye. Abin da ya rage mini bai wuce gaisuwa da karanta takardar magani ba.

A akwatin marigayin akwai ƙamus mai kauri, bangonsa ya fara rabuwa. Na ɗauko shi. Sai in buɗe duk inda hannuna ya kai, in tsinci kalma mai tsawo, in maimaita ta ina tankaɗe ko ina wanki. Kafin la'asar ta gudu. Baba yana kallona har ranar da haƙurinsa ya ƙare. Alaramma ne, da hannunsa ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar karatun ganin dama.

"Wanga ba karatu na ba, tsince-tsince na," ya ce. "Wa ka hwara littahi daga tsakiya? Kawo shi nan."

Washegari ya je kasuwa ya sayo sabon allo. Ya ce ba za a ɗora baƙin Nasara a allon da aya ta taɓa hawa ba. Baƙaƙen boko ya san su tun zamanin yaƙi da jahilci, ma'anar ce kawai bai sani ba, kuma a ganinsa wannan ba matsala ba ce. Ya buɗe shafin farko ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, ya ce daga nan.

Haka muka shiga. Bayan sallar asuba in kwafi rabin shafi a allo, kowace kalma da fassararta da misalinta. In zauna a tabarma ina karantawa da ƙarfi ina rangaji, yara suna kwaikwayona suna dariya. Bayan azahar in juya allon in biya masa da ka, shi kuma yana bin littafin da yatsa. Idan na tsallake kalma ɗaya ko na sa wata gaban wata, sai ya ƙwanƙwasa allon ya ce in koma sama. Ba a wankewa sai ta zauna daram. Ranar Alhamis ba ƙari, tishi ake yi, a maimaita tun daga farko.

Abin haushin shi ne, hanyar ta yi aiki. Kalmomin suka zauna kamar an kafa su da ƙusa. Na san kalmar da ake faɗa idan sarki ya sauka daga mulki don kansa. Na san sunan mayanka, da sunan shugaban masu bautar da suka ƙaurace wa duniya, da kalmar ramin da ba a ganin ƙarshensa. Har na fara jin kaina. Sai dai duk sanda na leƙa bayan gari, sai in ga gero ya ƙara tsawo. Ya kai gwiwa ina harafin farko na ƙamus. Ya shanye mutum ina tsakiyar na biyu. Sauran littafin kuwa na nan a hannun hagun Baba, kauri guda, ko motsi bai yi ba.

Ranar da na ga gero ya fara fitar da kai, na ajiye allon na ce masa lokaci ya ƙure. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa zaɓa, in ɗauki kaɗan daga kowane harafi.

"Tsallake shi ka ɓata hadda," ya ce, ko kai bai ɗaga ba.

"Baba, ɗiyana za a amshe!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Inna ta leƙo daga madafa da muciya a hannu, ta koma. Shi kuwa ya dube ni ya ce wanda ya riƙe kaɗan da kyau ya fi wanda ya taɓa ko'ina bai riƙe komai ba, kuma Allah ba ya tozarta mai ƙoƙari. Ya miƙo mini allon. Na karɓa cikin fushi. A ɓoye na gwada buɗe can gaba in ɗebi wasu kalmomi, amma suka ƙi zama. Kaina ya riga ya saba, ba ya karɓar kalma sai ya san wadda ke gabanta da wadda ke bayanta.

Na shiga harafi na uku da 'yan shafuka aka kira mu ganawa.

An kwana ana ruwa. Na canza mota a Birnin Kebbi, daga tashar Kalgo ɗan kabu-kabu ya kai ni, gefen zanena duk taɓo. A barandar ofis na tarar da masu nema, yawancinsu samari da 'yan mata sababbin gama jami'a, suna hira da Turanci suna ƙyalƙyala dariya. Na kasa kunne ko zan ji ɗaya daga cikin manyan kalmomina. Ban ji ba. Ƙanana suke yi, masu sauƙi, amma suna zubo musu ba tare da sun nema ba.

Mutum biyu na samu a ciki: Hajiya mai makarantar, da shugaban malamai, wani siriri mai tabarau. Shi ya rubuta kalma a takarda ya turo mini, ya ce in faɗi ma'anarta. Ina ganinta na gane ta. Tawa ce, harafi na biyu. Na san shafinta, na san tana ɓangaren dama can ƙasa, har ɗigon man ja da ke kusa da ita ina gani. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake gwadawa. Ma'anar tana nan, amma ba ta zuwa daga tsakiya. Sai na koma saman shafin na fara biyowa a hankali, leɓena yana motsi. Ban ankara ba ashe har rangaji nake yi a kan kujerar mutane.

Ina jin idanunsu a kaina, ina gangarowa kalma bayan kalma. Da na iso kanta na zubo ta gaba ɗaya, ma'ana ta farko, ta biyu, da misalin, yadda take a littafi. Mai tabarau ya ɗaga gira. Ya ba ni wata daga harafin farko, na sake hawa sama na gangaro na kawo ta. Ta uku daga can ƙarshen littafin ta fito, inda yatsan Baba bai taɓa zuwa ba. Na ce ban san ta ba.

Sai Hajiya ta jingina da kujera ta ce, da Turanci mai laushi, in bar takarda, in gaya musu ko ni wace ce da abin da ya sa nake son aikin. Tambayar da ta fi kowace sauƙi ke nan, kuma amsarta ce ta hana ni barci tun farkon damina. Na yi jimla ɗaya, ta tafi daidai. A ta biyu na ce bari in sa babbar kalma don su san ina da su. Ina jawo ta sai maƙwabciyarta ta biyo ta, ta bayanta ma ta taho. Na ji bakina yana biya shafi a gaban mutane. Na katse kaina.

"Malama," Hajiya ta ce da Hausa, kuma juyawar nan da ta yi zuwa Hausa ta fi mari zafi, "a ina kika koyi karatu haka?"

Na gaya mata, har da allon. Mai tabarau ya sa hannu ya rufe baki. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ta taɓa ganin naci irin wannan ba, amma yaran manyan aji za su yi mini tambaya ta ko'ina, ba za su jira in gangaro ba. Ta ce akwai gurbin mai taimaka wa malamar ajin rainon yara, idan ina so. Akwai ɗaki, za mu raba da wata. Sai dai mai wannan matsayi ɗa ɗaya ake ɗaukar mata karatu kyauta.

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce mata biyu ne, marayu ne, na faɗi sharaɗin da aka gindaya mini. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ƙa'idar ta kowa ce, akwai masu aikin da suka riga ni da ke jiran irin wannan alfarma, idan ta yi mini dole ta yi musu. Na karɓi aikin a durƙushe.

Baba yana zaure na dawo. Tun ban cire takalmi ba ya tambaya.

"Sun tambaye ki abin da kinka hardace?"

"Sun tambaya."

"Kin kawo?"

"Na kawo, Baba."

Fuskarsa ta washe ya fara hamdala. Na bari ya gama, sannan na faɗa masa sauran. Har yau ban san wanda na fi jin haushinsa ba a wannan yammacin, shi ko ni ko littafin. Tuwon da Inna ta kai wa Baba haka aka ɗauke shi.

Ana gama yankan gero babur ya tsaya a ƙofar gida. Ina bayan ƙofa na ji Baba, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa komai ba, yana cewa a ƙara mini shekara guda, shi ya ɗauki nauyin yaron. Yayan mijina ya saurara cikin ladabi. Ya ce magana an yi ta a kan biyu. Macen ya bar mini ita tunda ƙarama ce kuma ta samu gurbi, amma namijin zai tafi da shi, a sa shi makarantar garinsu tare da 'yan'uwansa.

Ni na haɗa masa kayansa a leda. Ya tambaye ni kwana nawa zai yi, na ce ya riƙe baffansa da kyau kada ya saki. Ya hau yana murna, yana ɗaga wa ƙanwarsa hannu.

Ranar da na kama aiki a Kalgo aka tura ni wurin telan makaranta saboda kayan yara. Ya ɗauko tef ya rataya a wuya, ya tambaye ni yara nawa zai auna. Na ce masa ɗaya.