Hajiya Bara'atu Rimawa, Mai Waken Sham

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Bara'atu a garin Wurno cikin shekarar 1947 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1366 Hijiriyya, a ƙarshen kaka lokacin da mata ke roron wake. Mahaifinta shi ne Malam Jelani ɗan Abdulƙadiri, malamin zaure wanda ya shahara da karantar da fiƙihu da kuma rashin son a katse masa magana. Mahaifiyarta kuwa Malama Azumi ce, 'yar manoman Magarya. Bara'atu ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma 'yan uwanta sun haɗu a kan cewa ita kaɗai ce ta gaji mahaifinsu wajen kafiya, sauran duk haƙurin mahaifiyarsu suka ɗauko.

Karatu da riƙo

Ta fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinta tana da shekara biyar. A shekarar 1956 gwaggonta Asabe, wadda ke aure a Rabah kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta nemi a ba ta riƙonta, aka kuwa ba ta. A can ta sauke Alƙur'ani a shekarar 1961, a can kuma ta koyi sana'ar da ta riƙe ta har tsufa, domin Gwaggo Asabe ita ce mai ƙosai da alalen da babu kamarta a kasuwar garin. Daga hannunta Bara'atu ta san yadda ake surfa wake ba a farfasa shi ba, da yadda ake gane ƙullu ya bugu tun daga ƙarar muciya.

Akwai kuma wata tarbiyya da gwaggon ta dasa mata, wadda ba ta taɓa sassautawa a kanta ba: idan maƙwabciya ta aiko da abinci, kwanonta ba ya kwana uku a gidan, kuma ba ya komawa wofi. Mata da yawa sun san wannan al'ada, suna kuma yi idan hali ya yi. Bara'atu ta ɗauke ta kusa da farilla.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1965 ta auri Mode ɗan Sodangi, mutumin Rimawa ta ƙasar Goronyo, manomin gero da damina, mai lambun albasa da tafarnuwa da rani. Sun saba ne a kasuwar Rabah, inda aka ce ya yi wata uku yana sayen ƙosan da ya fi ƙarfin cikinsa kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke kawo shi. Ta tare a Rimawa, a gidan da mahaifiyar mijin, Inna Tani, ke zaune, ita da Mode suka kuma yi zaman lafiya da tsokanar juna har mutuwa ta raba su. Tsakanin 1967 da 1982 ta haifi 'ya'ya bakwai, biyar suka rayu. Duk tsawon waɗannan shekaru kaskon suyarta bai huta ba sai kwanakin jego.

Aikin dam da ƙawance

Da aka kama aikin dam ɗin Goronyo gadan-gadan, baƙi suka cika ƙasar, Bara'atu ta riƙa aika ƙosai da alale sansanin ma'aikata. A shekarar 1982 wata Balarabiya 'yar ƙasar Sham, matar wani injiniya, ta ɗanɗana alalen, ta sa aka kawo ta har cikin gidan Bara'atu don ta ga mai yin sa. Matan Rimawa suka ga haƙorin zinare a bakinta, nan take suka raɗa mata Zinariya. Sunan ya zauna daram, har babu wanda ya tuna ya tambayi sunanta na yanka, mijinta ma Injiniya kawai ake ce masa. Wannan sakaci ya jawo wa Bara'atu wahala mai tsawo daga baya.

Ƙawancen ya fara da ɓacin rai. Bara'atu ta aika mata da alale cikin samira, washegari samirar ta dawo a wanke tas, babu komai a ciki. Ta yi kwana biyu tana cika tana batsewa, sannan ta yafa mayafi ta tafi sansanin da kanta, ta ce mata, "Ƙawa, nan ƙasar ba a maida kwano hakanan. Ko gishiri na, ki sa ɗan kaɗan."

Zinariya ta ji kunya, ta kuma riƙe darasin. Bayan kwana biyu ta aiko da wani tangaran shuɗi cike da abu mai laushi, launin ƙasa-ƙasa, an zuba masa mai a sama. Bara'atu ba ta gida, ya faɗa hannun Inna Tani. Tsohuwar ta dube shi, ta yanke hukuncin fura ce, ta juye a ƙwarya, ta zuba nono, ta dama da ludayi, ta kai baki. Waɗanda ke wurin sun ce ta daɗe ba ta haɗiye ba, sannan ta ce, "Wagga hura ta Larabawa, mi anka sa mata? Ko masassara sukai?" Duk da haka ta shanye, domin ba ta yarda a zubar da nono.

Abin da aka aiko shi ne humus, kirɓaɓɓen wani wake mai kama da gujiya wanda ba a san shi a ƙasar Rima ba, mutanen Rimawa kuma suka sa masa suna waken Sham. Shekara uku tangaran da samira suna kai da kawo tsakanin gidajen biyu. Zinariya ta koyi alale da Sakkwatanci, Bara'atu ta koyi humus da wata dahuwar waken a rufaffiyar tukunya.

A farkon shekarar 1985 aiki ya ƙare, aka tashi Injiniya cikin gaggawa. Ranar tafiya Zinariya ta aiko da tangaran ɗin cike da ɗanyen waken, don ƙawarta ta yi iri. Kafin Bara'atu ta sauke alalen da za ta mayar da shi, mota ta riga ta ɗaga. Ta koma gida da tangaran a hannu tana kuka, ta kuma ɗaukar wa kanta alkawarin ba za ta mutu da kwanon wata a ɗakinta ba, kuma ba zai koma ba sai da waken da ƙasar Rimawa ta haifa.

Noman waken Sham

Irin bai wuce rabin mudu ba. Da ruwa ya sauka a daminar 1985, Mode ya yi abin da kowane manomi zai yi da wake: ya shuka rabinsa a tsakanin gero. Ya tsiro da kyau, ruwan Agusta ya same shi, ya yi rawaya, ya ruɓe a tsaye. Da sanyi ya shigo Bara'atu ta tuna Zinariya ta taɓa cewa da sanyi suke noma shi, ta matsa wa mijin har ya ba ta fangali biyu a tsakiyar lambu. Nan ma Mode ya yi masa gata irin na albasa, ruwa duk kwana uku ba fashi, gatan kuwa ya kashe shi. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Ta gauraya shi da toka, ta zuba a gora ta liƙe, ta shekara tana fargabar kada ƙwari su riga ta.

A watan Nuwamba na 1986 ta sake neman wuri, Mode ya ce, "Hwangalin albasa ko guda ba ni ƙara ba ki. Ga wutsiyar lambu can, ki tai ki yi abin da kinka ga dama."

Wutsiyar lambun wani tudu ne da ruwa ba ya kai wa sai ya ga dama, ko ciyawa ba ta son wurin. Ta shuka cikin fushi, ta yi sati ba ta yi wa Mode dariya ba. Waken kuwa abin da yake nema ke nan tun farko: sanyi, da danshi kaɗan, da a ƙyale shi. A watan Maris na 1987 ta sussuka mudu uku da ɗan ɗori, ta yi guɗa a bakin lambu har masu ban ruwa suka zaci haihuwa aka yi. Tun daga ranar har ƙarshen rayuwarsa Mode yana gaya wa baƙi, "Ai ni niz zaɓi wurin," ita kuma ba ta taɓa bari maganar ta wuce ba ta gyara ta ba.

Girkinta

Daga shekarar 1988 waken Sham ya zauna a gidan. Takan jiƙa shi ya kwana, ta dafa da ɗan kanwa har ya yi luguf, ta murje ɓawon kamar yadda take wa waken alale, sannan ta niƙa a dutse tare da soyayyen riɗi da tafarnuwar lambunsu da gishiri, ta matse lemun tsami. Man zaitun ba ya samuwa, ta maye gurbinsa da man gyaɗa, ta kuma barbaɗa yaji, abin da babu shi a koyarwar Zinariya. Da masa ake ci a gidanta, ko da burodi idan an je Goronyo.

Dahuwar tukunya kuwa sai ranar Juma'a da ranakun Salla. Takan shimfiɗa albasa a gindin tukunyar ƙasa, ta bi da naman rago, da waken, da tumatir da tattasai, ta rufe da faranti, ta ɗora garwashi a sama wani kuma a ƙasa, ta hana kowa buɗewa sai ƙamshi ya tsallaka katanga. Da azumi gidaje fiye da goma ke samun rabonsu, ta kuma ba mata da dama iri a Rimawa da Kwargaba, tare da gargaɗin kada su bari mazansu su yi masa ban ruwa. Ta sauke farali a shekarar 1998. Mode ya rasu a shekarar 2005, ta yi masa takaba a ɗakinta.

Neman Zinariya

Duk wannan jin daɗi bai sauke mata nauyin tangaran ba. Kowace shekara takan cika shi da sabon wake, ta ɗaure da ƙyalle, ta ajiye a kan jere, shekara ta zagayo ta juye ta sake cikawa. Ta sa an yi tambaya a Sakkwato da Gusau, amma cigiyar mace da ba a san sunanta ba, matar mijin da ba a san sunansa ba, dariya kawai take jawowa. A ambaliyar 2010, da ruwa ya shigo unguwarsu, ta fita da tangaran da gorar iri a ka, ta bar akwatin tufafinta.

Ɗanta Halliru direban babbar mota ne, yana kai albasa Kano. A shekarar 2012 yana sauke kaya ya ji 'yan kasuwa suna labarin wata tsohuwar Balarabiya mai haƙorin zinare da ke zuwa sayen tafarnuwa, wadda ba ta karɓar kowace sai ta Goronyo, kuma da Sakkwatanci take ciniki. Ya bi sawu har gidan 'yarta, inda take zaune tun bayan rasuwar Injiniya. Ashe Zinariya ce, ba ta taɓa barin ƙasar nan ba.

Bara'atu ba ta jira motar haya ba, gaban motar albasa ta shiga. Ta sauka gidan 'yarta Ma'u da ke aure a Kano, ta yi humus da hannunta da waken Rimawa, ta cika tangaran, ta tafi. Tsofaffin biyu suka rungume juna suna kuka suna dariya. Da aka natsu Zinariya ta ɗanɗana, ta ce, "Tafarnuwa ta yi yawa, ƙawa."

Bara'atu ta ce, "Shekara ashirin da bakwai ina biɗar ki, abin da za ki ce ke nan?" Zinariya kuwa bakinta a cike yake, ta kuma share tangaran ɗin har gindi. A ranar ne Bara'atu ta ji sunanta na yanka, ta ce bai dace da ita ba, ta ci gaba da kiran ta Zinariya. Da za ta tafi, ta ajiye mata sabuwar samira cike da dahuwar tukunya, ta ce, "Na sauke nawa. Yanzu ke ka riƙe da kwanona, mu ga naki ƙoƙari." 'Ya'yanta sun ce ba su taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na wannan shekara ba.

Rasuwa

Hajiya Bara'atu ta rasu a gidanta na Rimawa ranar Juma'a, 8 ga Maris, 2013, a ƙarshen watan Rabi'u Sani 1434, bayan jinyar kwana huɗu, tana da shekara sittin da biyar. An yi mata salla bayan an sauko daga masallaci, aka rufe ta a maƙabartar garin kusa da mijinta. Allah ya gafarta mata, ya yalwata makwancinta.

Ta bar 'ya'ya biyar: Alhaji Tambari, manomi a Rimawa, Halliru, direba, Ma'u, a Kano, Habi, malamar asibiti a Rabah, da auta Uwaliya, wadda gorar iri ke hannunta. Ta bar jikoki ashirin da uku. Ta kuma bar ƙawa ɗaya, wadda ta iso Rimawa ranar sadakar uku a gaban motar Halliru, ta ƙi yarda kowa ya karɓar mata kayan da ke cinyarta. Ta shiga ɗakin marigayiyar, ta durƙusa, ta kwance ƙyalle, ta tura samirar gaban Uwaliya. Alale ne a ciki, wanda ta yi da hannunta.

Ta ce, "Ga kwanon innarku. Na makara, amma ban maido shi hakanan ba."