Baƙin Bel na Kamfanin Shinkafa

Shekarar da na gama sakandare a Gwandu, aka tura ni Kalgo wurin gwaggona, ƙanwar babana, don in taya ta zama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse. A lokacin an buɗe wani kamfanin casar shinkafa a bayan gari, ana neman mata masu tsintar tsakuwa. Gwaggo ta ce zaman gida ya ishe ta. Muka tafi tare, aka ɗauke mu.

Ranar farko ba mu yi aiki ba, domin ba a gama ɗaura bel ɗin robar da zai riƙa jan shinkafa ta gabanmu ba. Tirela ce ta kawo shi a nannaɗe, baƙi wuluk, tsayin naɗinsa ya fi mutum. Warin roba ya cika ɗakin. Kamfanin da ya ƙera shi ya aiko wani dattijo daga kudu don ya ɗaura. Hausarsa irin ta Kano ce, kuma yatsu biyu na hannunsa na hagu babu. Babu wadda ta tambaye shi dalili.

Mutum ne mai son labari. Ya ce wanda ya kafa kamfaninsu da tsohuwar tayar mota ya fara, yana yanka ta yana yi wa masu injin niƙa bel. Daga baya 'ya'yansa suka sayo injina. Yanzu suna yin bel mai ɗaukar dutse, da mai jure zafin siminti, da mai ƙashin baya wanda ke hawa da hatsi sama ba ya zubarwa. Ya nuna mana bakin namu inda aka yanke: roba, zare, roba, zare, an matse su sun zama abu guda.

"Wannan ba ya tsinkewa," in ji shi. Matan suka yi murna. Shi bai yi dariya ba. "Ku fahimce ni. Idan ya kama abu, abin ne zai tsinke."

Sai ya nuna wata jar igiya da ya ja a gefen bel ɗin. Ya ce duk wadda ta ga matsala ta fizge ta, injin zai tsaya. Ya dubi mayafanmu ya daɗe, sannan ya ce mu riƙa ɗaure su a ƙugu.

Da farko mun kiyaye. Mukan jeru gefe da gefe, shinkafa na wucewa gabanmu kamar ruwan gulbi, muna tsince tsakuwa da baƙin ƙwaya. Idan ka daɗe kana kallon bel ɗin sai ka ji kamar kai ne kake tafiya, shi yana tsaye. Da yamma in na rufe ido ina salla, sai in gan shi yana wucewa.

Da kaka ta kama, motoci suka yi layi daga Kambaza da ƙauyukan fadama. Aka ƙara wa injin gudu. Wata rana buhu ya faɗo kan jar igiyar ta tsinke. Shugaban ma'aikata ya naɗe ta ya rataye a ƙusa, ya ce za a gyara in aiki ya lafa. A kwanakin nan ne kuma mahaɗin bel ɗin, inda aka ɗinke bakunansa biyu da ƙarfe, ya fara ɗagawa. Duk zagayen da zai yi sai mu ji ƙas. Ƙas. Mun saba da ƙarar har mata na yin waƙa a kanta.

Na ce wa gwaggo, "Ni abin nan tsoro yake ba ni."

"Ɗiyata, mi za ya yi miki? Kama aikinki."

Ita ba ta son ɗaure mayafi, domin maza na shiga da fita da buhuna. Takan ce ta girmi tsayawa gaban maza da mayafi a ƙugu.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, ina tsaye kusa da ita. Tana ba ni labarin wani biki. Na ji ƙas, sai maganarta ta yanke. Ƙarfen mahaɗin ya saƙale bakin mayafinta. Ba ta yi ihu ba. Sai na ga kanta ya sunkuya, tana bin bel ɗin da ƙananan taku kamar wadda ake ja zuwa wani wuri. Na kai hannu inda igiyar take, na damƙi iska.

Ta sa hannun dama don ta ƙwace mayafin, abin ya haɗa da hannun. A ƙarshen bel ɗin akwai wani gungumen ƙarfe da yake juyawa a kai, can yake kai ta. Wata Bafulatana daga Wurogauri, mai kwance bakin buhuna, ita ce ta yi tsalle da wuƙarta ta yanke mayafin daga wuyan gwaggo. Hannun kuwa ya riga ya shiga har gwiwa kafin wani ya kai ga kashe injin daga waje.

Da ɗakin ya yi shiru sai muka ji kukan kurciyoyi a kan kwano. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Rufa mini kai."

An kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Ba a yanke hannun ba, amma bai sake ɗaukar ko ludayi ba. Babana ya zo ya kwashe mu duka biyu zuwa Gwandu, ni na riƙa yi mata wanka da kitso har ta saba da hagu.

Bayan azumi na koma Kalgo ɗauko sauran kayanmu. Mai mashin ya biyo da ni ta bayan kamfanin. Ƙofa a buɗe take. Na hango mata a jere, sababbin fuskoki, wata yarinya mai dogon hijabi a daidai inda gwaggo ke tsayawa. Na ce wa mai mashin ya tsaya in yi mata magana. Mai gadi ya ce ba a shiga lokacin aiki. Muna barin wurin ina jin ƙarar mahaɗin, ƙas, ƙas, ta cikin bango.