Yarinyar da Aka Hana Kuka

Shekara ashirin Mai Balan-balan ya yi yana hura iska da baki a ƙofar makarantar firamare, har kumatunsa suka saki. Sarkin tsokana ne, ko ƙuda ya gifta sai ya tanka masa. 'Ya ɗaya gare shi, ana ce mata 'Yar Baba. Uwarta ta rasu tun tana goye, Kaka ce ta raine ta.

Tana shekara shida ta ɗauki balan-balan ta hura. A hurawa ta huɗu hannunta na hagu ya saki kamar ba nata ba, baki ya karkace. Bayan minti goma ta dawo garau, tana tambayar uban me ya sa yake mata irin wannan kallo.

A asibiti likita ya nuna masa hoton kanta. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun tsuke, wasu sirara sun tsiro cunkus, kamar hayaƙi ya tsaya cak a cikin kan yarinya.

"Kafin a yi mata aiki, kada ta hura komai, kada ta yi kuka mai shessheƙa," in ji likita. "Numfashi da sauri yana ƙara tsuke su. Wata rana hannun ba zai dawo ba."

Daga wannan rana tsokanarsa ta ƙare. 'Yar Baba ta koyi abin da bai kamata yaro ya iya ba: in ta faɗi ta kurje gwiwa, sai ta zauna tana ƙirga numfashi, ido a bushe. Uban da kansa tsoron kallonta yake a irin wannan lokaci.

Saura kwana tara a yi aikin, Kaka ta rasu da hantsi. Uban ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙon duk wadda ta shigo ta haɗiye kukanta. Ɗaki ya cika da mata, bakuna a buɗe, babu sauti.

'Yar Baba ta dawo daga makaranta. Ta dubi takalman Kaka a bakin ƙofa, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ta mutu ko?"

Ƙaryar da ya shirya ta maƙale. Ya gyaɗa kai, idonsa a kan hannunta na hagu.

Ta zauna a ƙasa, ta ja numfashi a hankali, ta ƙirga har goma.

"Ni ba dama," ta ce. "Kai ka yi mini nawa kukan, ina kallo."