Randar Iya Tani da Alayyafon Kawu

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokin koyarwata, kuma tun a tasha zuciyata ba daɗi. Kawuna da ke noman rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure ya aiko sau biyu cewa alayyafonsa ya fara zama ruwan ɗorawa, in taimaka masa da takin zamani. Na bugi ƙirji na yi alkawari. Kwana uku ina bin layi, ranar da na kai gaba aka ce ya ƙare. Ga shi damina ba ta yi kyau ba, wannan lambun shi zai riƙe gidansa har faɗuwar ruwa.

An cusa mu a bas, gwiwata a bayan wani, kazar wata a kan ƙafata. Ko'ina ƙasa a bushe, sai da muka doshi Kura ido ya huta: kore shar hagu da dama, kwandunan tumatir jere a bakin titi. Muka karya da waina da miyar taushe, wainar ta ƙanƙance kamar yadda komai ya ƙanƙance a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Daga nan akori-kura ta bi da mu ta gefen kanal, hanyar ruwan noman rani.

A lambu muka tarar da Kawu. Ya dubi hannuna, ya dubi bayana, sannan ya tambayi lafiyar iyali. Bai ce uffan a kan taki ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ɗaure mini kai, fangalolin da ke maƙwabtaka da nasa ganyensu kamar an shafa mai. Na Iya Tani ne, wata tsohuwa da gidansu ke kan al'adar kakanni, wadda a ƙuruciyarta ta dafa burkutu.

"Giya take zuba musu," in ji Kawu. "Ba ka ji wari ba? Ni ba zan ciyar da iyalina haram ba."

Shekara talatin suna haɗa iyaka, suna gaisawa daga nesa, bai taɓa taka ƙofarta ba.

Kashegari na je gidanta ni kaɗai. Ta buɗe mini randa, tsami ya buge ni. Ganyen dankali ne da zogale da ciyawar bakin kanal, tana tsinkar tohonsu kafin rana ta fito, ta yayyanka, ta cuɗa da mazarƙwaila, ta danne da dutse, ta rufe da tsumma har mako. Ruwan da ya tsatso shi ne takin. Ta cika mini ƙwarya, ta ce ludayi ɗaya a tulun ruwa, a yayyafa da yamma.

Bayan azahar na kai maganar wurin liman, Kawu na zaune. Liman ya ce, "Kashin jakin da kuke zubawa fa, ci kuke yi?" Aka yi dariya, ban da Kawu. Daga baya Kawu ya ce in gwada a fangali biyu kawai.

Nan na tafka kuskurena. Na ɗauka ludayi ɗayan nan rowar tsofaffi ce, kuma ina gaggawar wanke kunyata. Na kwarara shi tsantsa. Da gari ya waye fangalin biyu sun ƙone ƙurmus. Kawu ya tsuguna yana murza ganyen a tafinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Ban taɓa jin na tsani karatuna irin na ranar ba.

Da la'asar sai ga Iya Tani ta tsallako iyaka da tulunta.

"Ɗan boko, mai yunwa ka ɗura wa har ya shaƙe," ta ce da ni. Ta juya ga Kawu. "Maƙwabci, ka bar ni in yi da hannuna."

"Sauran ma mutuwa za su yi," ya ce a hankali. "Zuba."

Ta auna, ta sirka, ta bi fangali-fangali tana yayyafawa da tsintsiya. Bayan kwana uku ta sake. Abokina ya koma Kano, ni na kasa tafiya. Kullum da sassafe ina leƙen ganye, har na fara ganin sabon toho yana fitowa kore.

Ranar da zan dawo Kawu ya yanki damin farko, ya ɗaure da kaba. Na miƙa hannu ina zaton tsarabata ce, ya wuce ni. Na bi shi da ido har ƙofar Iya Tani. Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa.

Na iso gida bayan magariba, tsamin randar bai bar rigata ba. Na tafi ina jin kunyar buhun da ban kai ba, na dawo da sanin cewa abin da zai ceci lambun yana taku ashirin daga wurin tuntuni. Fangalin nan biyu kuwa Kawu ya ce ba zai sake shuka su ba sai na koma can lokacin hutu, in auna da hannuna.